Aikin maƙoƙona ya yi kyau, a wajen sallama aka yi mini sakaci

Shekara shida ina ɓoye maƙoƙo a ƙarƙashin hijabi, sai da ya fara shaƙe ni in na kwanta rigingine sannan na yarda a cire. A wani asibiti mai zaman kansa a nan Kano aka yi, cikin watan Afrilu, tsakiyar zafi.

Likitan ba ni da abin cewa a kansa sai godiya. Tun kafin a shiga da ni ya gaya mini jijiyar murya tana kusa da wurin, kuma sinadarin kalsiyam da ke cikin jini na iya sauka har leɓe da yatsu su riƙa yi mini kamar ana tsira allura. Muryata ta dawo lafiya, yankan kuma ya bi layin fatar wuya. Da yake duka ƙullin wuyan da ake kira thyroid aka cire, an ɗora ni kan Levothyroxine, maganin da ke maye gurbin sinadarin da yake samarwa, kullum da safe kafin in ci komai.

Ranar sallama ce matsalar. Kwana biyu na yi, aka zare ƴar robar da ke fitar da jini, aka manna filasta, aka ce in dawo bayan mako guda. Shi ke nan. Ba wanda ya ce mini ga abin da zan gani in garzayo, alhali a katina an rubuta ina da ciwon suga, wanda ke hana ciwo saurin warkewa.

A kwana na biyar gefen ɗinkin ya yi jawur, ya ɗauki zafi, yana zugi. Ga gumi, ga babu wuta, ga bakin hijabi yana goga wurin duk sallah. Masu zuwa dubiya kowa da nasa maganin: wannan ta ce man kaɗanya, waccan ta ce a gasa da ruwan zafi. Na kira lambar da ke jikin takardar asibitin har sau huɗu ba a ɗauka ba. Washegari na tashi da zazzaɓi, filastar ta jiƙe da mugunya, har matashina ta ɓata.

Daga Kurna muka hau adaidaita sahu, ina riƙe da wuya a kowane rami. Wata nas mai ɗan shekaru ta ɗaga filastar ta ce, "Haba Hajiya, tun yaushe?" Na ce, "Sista, ba a gaya mini ba." Shiru ta yi. Ta kira likita, aka warware ɗinki biyu mugunyar ta fita, aka ɗebi kaɗan a kai gwaji don a san maganin da zai kashe ƙwayar cutar. Ita ce ta fara gaya mini cewa kumburin wuya mai toshe numfashi ba a kwana da shi a gida ko da tsakar dare ne. Wannan maganar ta ranar sallama ce, ba ta kwana na shida ba.

Mako uku na yi ina zuwa wankin ciwo, kowane zuwa da kuɗinsa, ana auna suga. Likitan ya ce ba kasafai ciwon wannan aikin yake ruwa ba, ya kuma ba ni haƙuri da bakinsa.

Ƙanwata ma tana da maƙoƙo. Wurin likitan nan zan kai ta, amma ba za mu bar ɗakin ba sai an rubuta mana yadda za a kula da ciwon da lambar da ake ɗauka. Nawa tabon ya yi tudu a gefen hagu, har yanzu yana ƙaiƙayi in na yi gumi.