Aave, Compound ko Euler: ina ya fi aminci ka ajiye dalarka a DeFi?

Yawancin masu son ajiye USDT ko USDC (kuɗaɗen kirifto da aka ɗaure darajarsu da dala) a dandalin ba da lamuni na DeFi, wato hada-hadar kuɗin kirifto da ba banki a tsakani, ribar da aka rubuta suke fara dubawa. Abin da ya kamata su tambaya shi ne shekara nawa kwantiragin da zai riƙe kuɗin, wato manhajar da ke tafiyar da dandalin, ya yi ɓarayi suna gwada shi. A nan babu manaja ko mai gadi irin na banki. Kwantiragi mai sarrafa kansa abin da aka rubuta masa kawai yake bi, ko da kuskure ne. Tun 2016 aka ga haka, lokacin da wani ya yi ta cire kuɗi daga wani asusun zuba jari mai suna The DAO kafin kwantiragin ya rage masa lissafi, har ya kwashe kuɗin kirifto na Ether kusan miliyan 3.6.

Ni dai Aave na zaɓa, kuma ba na ɓoyewa. Stani Kulechov ya faro shi a 2017 da sunan ETHLend, ya koma Aave, ya tsallake faɗuwar kasuwa iri-iri. Ban ce ba shi da tabo ba: a Nuwamban 2022 cacar da wani ɗan kasuwar kirifto, Avraham Eisenberg, ya yi a kan kuɗin kirifto na CRV ta bar wa Aave bashin da ba mai biya na kusan dala miliyan 1.6. Amma dubi abin da ya faru a Nuwamban 2023. Wani mai bincike ya gano ɓaraka, ya sanar da masu kula da Aave, nan take aka dakatar da kasuwannin da abin ya shafa, kuɗin kowa bai salwanta ba. Wannan ikon tsayar da komai cikin gaggawa shi ne ma'aunina na farko, sai tukwici mai tsoka ga wanda ya kawo rahoton ɓaraka, domin ya fi masa riba ya faɗa da ya sata.

Compound tsoho ne mai mutunci, amma a 2021 wani gyara ya sa ya riƙa raba kuɗinsa na kirifto, COMP, na miliyoyin daloli bisa kuskure, kuma tsarinsu na kaɗa ƙuri'a kafin a yi kowane gyara ya sa sai da aka jira mako guda kafin a toshe. Euler kuwa, a Maris 2023 an kwashe masa kusan dala miliyan 197 saboda wani sashen kwantiraginsa mai suna donateToReserves bai duba ko jinginar mai bashi ta isa ba, duk da ƙwararru sun bincika shi. Ɓarawon ya mayar da kuɗin, amma ba na dogara da tausayin ɓarawo.

Waɗanda nake gudu ƙwarai su ne 'yan kwafi. Kuɗina sun taɓa tafiya a irinsu, shi ya sa nake zafafawa. Sai wasu su kwafi tsarin Compound ko Aave, su sauya suna da launi, su ninka riba. Sun kwafi kwantiragin, ba su kwafi masu kula da shi ba. Hundred Finance a Afrilun 2023 da Sonne Finance a Mayun 2024 duk rami ɗaya suka faɗa: sabuwar kasuwa da ba kowa a ciki, inda ɗan kuskuren lissafi ke ba ɓarawo damar ranto abin da ya fi jinginarsa nesa ba kusa ba.

Su ma 'yan kwafin da sauƙi a kan shafukan jabu. Tambarin kamfanin da ke binciken kwantiragi a shafi ba hujja ba ne. Je ka shafin kamfanin da kanka ka nemo rahoton, ka duba ko adireshin kwantiragin ya yi daidai. Kada ka shiga ta tallar Google ko mahaɗin da aka turo maka a Telegram, akwai shafukan da suka yi kama da Aave sak, harafi ɗaya ne bambancin. Duk wanda ya ce ka ba shi kalmomin sirrin walat ɗinka, wato asusunka na kirifto, ɓarawo ne, ko wane suna ya zo da shi. Wanda kuma ya yi maka alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, tuna da dandalin zuba jari na CBEX da ya rufe da kuɗin 'yan Najeriya a Afrilun 2025.

Idan walat ya nemi izinin taɓa kuɗinka, rubuta iya adadin da za ka zuba, kada ka bar shi ba iyaka. Fara da dala goma, ka cire ka gani, sannan ka leƙa shafin revoke.cash ka soke tsofaffin izinin da ka manta da su.