Mutuwar Hank da mutuwar Omar: wacce ta fi taɓa zuciya?

'Yar'uwa, kin tambaya ko me ya sa mutuwar wani jarumi a fim mai dogon zango takan sa mutum hawaye, ta wani kuma ta bar shi baki buɗe. Bari in ɗora miki biyu a sikeli, duka daga finafinan 'yan ƙwaya na Amurka.

A Breaking Bad, shekarar 2013, an yi wa Hank shimfiɗa sosai. Jami'in yaƙi da miyagun ƙwayoyi ne, ya sha wuya kafin ya sa wa surukinsa Walter, mai haɗa ƙwaya, ankwa a cikin hamada. Sai 'yan bindiga suka iso, aka katse shirin ana tsakiyar ruwan harsashi, masu kallo suka yi mako guda zuciya na dukan uku-uku. Da aka dawo, ga Hank kwance da rauni a ƙafa, Walter na magiya a bar Hank da rai, har ya yi tayin dala miliyan 80 da ya binne a wurin. Hank bai roƙi kowa ba. Aka harbe shi bai gama magana ba, sauti ya ɗauke, Walter ya zube a ƙasa. An ba mai kallo sararin makoki.

Omar na The Wire, mai yi wa dillalan ƙwaya fashi, bai sami ko rabin wannan ba. Mutumin da in ya biyo layi a Baltimo yara ke watsewa suna kiran sunansa, a 2008 ya shiga wani ɗan kanti yana ɗingishi, zai sayi taba. Ƙofa ta buɗe, ya waiga, ya ga ƙaramin yaro ne, ya kau da kai. Yaron nan, Kenard, shi ya harbe shi a ka. Babu kiɗa, babu wasiyya.

Abin da ya biyo baya ne ya fi ci mini rai. A jaridar garin aka ajiye labarin kisan ba a buga ba saboda ƙarancin fili. A mutuware kuma aka musanya takardar sunansa da ta wata gawar, sai da ma'aikaci ya lura ya gyara.

Na yi wa Hank kuka, ban ɓoye ba. Amma ta Omar ce ta hana ni barci, domin mu da muka bi shi zango biyar ne kaɗai muka san wanda ke cikin jakar gawar nan.