Zango biyu a cibiyar renon yara ta kwalejinmu

Lokacin da na samu gurbin karatun NCE a wata kwalejin ilimi ta nan Arewa, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda zan riƙa barin 'yata mai shekara uku da rabi, domin gidanmu yana da nisa da makaranta, kuma surukata da za ta iya riƙe mini ita ƙafa ta fara damunta. A ranar rajista wata ɗaliba ta nuna mini cibiyar renon yara da ke bayan ɗakin karatu, wadda sashen koyar da ilimin ƙananan yara yake gudanarwa domin 'ya'yan ɗalibai da na ma'aikata. Ɗakuna uku ne da tsakar gida mai bishiyar darbejiya, da wata rumfa da aka zuba yashi a ƙarƙashinta. Yanzu yarinyar ta yi zango biyu a wurin, don haka ina ganin na san shi daidai gwargwadon da zan iya gaya wa wasu iyaye abin da za su tarar.

Makonnin farko ban ji daɗi ba. Kullum sai in ɗauko ta da yashi a kitso da fenti a gaban riga, jakarta kuwa babu littafin aikin gida ko ɗaya. Wata rana surukata Hajiya ta dube ta, ta dube ni, ta ce, “Ke 'yar nan, wannan makaranta ce ko dandali? Ga jikan maƙwabta nan, sa'anta ne, yana rera ABC har ƙarshe.” Maganar ta shige ni, domin abin da nake raya wa a zuciyata ke nan. Washegari na sami shugabar cibiyar na faɗa mata damuwata. Ba ta yi mini doguwar lacca ba, cewa ta yi, “Ƙanwata, duk ranar da ba ki da darasin safe, ki zo ki zauna a gefe, ki yi kallo kawai.”

Na je ranar wata Laraba, na tarar yara shida a ƙarƙashin rumfa suna wasan kasuwa. An ajiye musu mudu na gaske da gwangwanayen madara, murafan kwalba kuma su ne kuɗi. Wani yaro ya zama mai awo, 'yata tana cikin masu saye. Ba a jima ba gardama ta tashi, domin mai awon yana share bakin gwangwani da tafin hannu kafin ya juye, ita kuwa ta dage sai an yi mata tozo kamar yadda take gani a wurin mai hatsi. Na zaci malamar za ta tsawata musu. Sai ta tsuguna a tsakaninsu, ta kawo kwanuka biyu masu girma ɗaya, ta ce su zuba gwangwani uku masu tozo a wannan, uku shararru a wancan, sannan su gaya mata wanne ya fi cika. Suka auna, suka ƙirga da ƙarfi, suka leƙa, daga baya su da kansu suka yanke cewa mai tozo sai a biya shi murfi biyu, shararre kuma murfi ɗaya. A cikin minti ashirin ɗin nan na ga ƙirge da awo da kwatanta yawa, na ga jiran layi da sasanta rikici da baki, alhali babu wanda ya taɓa alli. Na kuma lura da wata ɗaliba mai koyon aikin koyarwa tana gefe tana rubuta abin da kowane yaro ya faɗa. A waɗannan rubuce-rubucen ake duba inda yaro ya tsaya, a shirya masa wasan mako mai zuwa.

Wannan shi ne babban abin da nake yaba wa cibiyar da shi: wasan nasu tsararre ne, akwai wanda ya yi tunani a kansa tun kafin yara su iso. Hanyar ma tsohuwa ce. Masanin ilimi Bajamushe Friedrich Froebel ya raɗa wa makarantarsa ta Bad Blankenburg a Jamus sunan da ke nufin lambun yara a 1840, kuma a kan wasa ya gina ta. Shi ma masanin ilimi John Dewey ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Chicago ta Amurka a 1896, inda malamai ke jarraba hanyoyin koyarwa a aikace, wanda kusan shi ne aikin da cibiyarmu take yi wa kwalejin. A nan gida ma, kundin manufofin ilimi na Najeriya, bugun 2004, ya faɗa ƙarara cewa wasa ne zai zama babbar hanyar koyarwa a matakin share fagen firamare. Abin takaici shi ne makarantun kuɗi da yawa suna zaunar da ɗan shekara uku a benci yana kwafar haruffa, domin abin da mu iyaye muke iya gani a littafi mu ce kuɗinmu bai tafi a banza ba ke nan.

Wani abin da ya burge ni shi ne kayan wasan ba na kanti ba ne. Da karan dawa ake yin mota, da yumɓu ake gina tukwane da shanu, 'ya'yan tsamiya da ƙwallon dabino su ne abin ƙirge, manyan yara kuma suna 'yar carafke da langa. Bayan cin abinci akan shimfiɗa tabarma a yi tatsuniya da Hausa, malama ta ce “Ga ta nan ga ta nanku”, su amsa da murya ɗaya, wani lokaci kuma ta tsaya a tsakiyar labarin Gizo da Ƙoƙi ta tambaye su me suke jin zai faru. 'Yata da a da take maƙale mini a zane idan ta ga baƙo, yanzu takan zaunar da kakarta ta ba ta labari daga farko har “ƙurunƙus”, kuma Hajiya ta daina maganar dandali.

Sai dai akwai gyara, kuma ba ƙarami ba. Cibiyar tana tashi ƙarfe biyu na rana, alhali muna da darussa har ƙarfe huɗu, wani lokaci har bayan la'asar. Sau da yawa na fita daga aji a guje na ɗauko ta, na dawo na zauna a kujerar baya da ita a cinya ina rubutu da hannu ɗaya. Wurin da aka kafa domin ɗalibai masu 'ya'ya ya kamata lokacinsa ya bi jadawalin darussansu, ko da za a ƙara kuɗi kaɗan a ɗauki mai kula da yamma. Haka kuma duk ranar da aka rufe kwaleji saboda yajin aiki, cibiyar ma a rufe take, ko da ma'aikatan ofis masu yara a ciki suna zuwa aiki.

Matsala ta biyu ita ce yawan canjin fuska. Malaman dindindin ba su da yawa, sauran duk ɗalibai ne da ke zuwa su yi makonni su wuce. Wannan yana sa hannu ya yi yawa a kan yara, wanda alheri ne, amma ƙaramin yaro yana buƙatar wadda ya saba da ita. 'Yata ta shaƙu da wata ɗaliba da take kira Anti, ranar da wa'adinta ya cika kuwa babu wanda ya shirya yaran, sai kawai suka wayi gari ba ta nan. Kwana uku tana kuka a bakin ƙofa. Da an ware rana an yi sallama da su, da abin ya zo da sauƙi. Ruwa ma yakan yanke, ga shi yaran da ke wuni cikin yashi da yumɓu suna buƙatar wanke hannu kafin kowane cin abinci, musamman lokacin hunturu da ƙura da mura suke yawa. Malamai suna ajiye jarkoki, amma tanki na musamman ne maganin abin.

Kuɗin da ake biya bai kai na makarantun kuɗi na cikin gari ba, kuma iyaye ne ke sako abinci daga gida. Wanda yake son ɗansa ya dawo da shafi cike da haruffa a watan farko ba zai gamsu da wurin ba, kodayake a ajin 'yan shekara biyar na ga ana fara zana haruffa da yatsa a faranti mai yashi kafin a kai ga fensir. Ni dai na riga na sake yi wa 'yata rajistar zango mai zuwa, kuma mu iyaye mata mun rubuta wa shugaban sashen takarda a kan lokacin tashi da maganar tankin ruwa, muna jiran amsa.