Kyauta, wasiyya ko waƙafi: wanne ya dace da dukiyarka?

Wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san yadda abin ke faruwa. Malami ya gama lissafi, sai wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, "Ai marigayi ya faɗa min filin nan na bayan gari na makarantar allo ne." Babu takarda, babu mai tabbatar masa. Magada su dubi juna, magana ta mutu a nan.

Hanyoyin fitar da alheri daga dukiya uku ne, kuma kowace da abin da take ci maka.

Wasiyya ta fi sauƙi, don ba ta raba ka da komai yau, kuma kana iya sauya ta ko ka janye muddin kana numfashi. Sai dai tana da iyaka: sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiyarka. Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku, Annabi (SAW) ya hana, ya nemi rabi, ya hana, aka tsaya a sulusi. Shi ma sulusin sai an cire kuɗin jana'iza da bashi tukuna. Wanda ya bar naira miliyan 30 da bashin miliyan 6, wasiyyarsa ba za ta wuce miliyan 8 ba, sai in magada sun yarda. Kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Inda na fi ganin amfaninta shi ne jikokin da ubansu ya riga kakansu rasuwa. In baffanninsu na raye, ba su da kaso a gado, to da ita ake share musu hawaye. Haka ma agola, ko yaron shagon da ya yi maka hidimar shekara ashirin.

Kyauta ba ruwanta da sulusi idan kana da lafiyarka, amma a mazhabar Malikiyya da muke bi sai an karɓa a hannu. Ka ce ka ba wata Islamiyya gida, alhali mabuɗi na aljihunka kana karɓar haya har ka rasu, to gidan ya koma gado. In kuma ka bari sai ciwon ajali ya kwantar da kai, hukuncinta ya koma na wasiyya. Gida ko fili mai takardar mallaka ta gwamnati a Najeriya kuwa, Dokar Filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya mai shi, saboda haka kada a tsaya ga "na ba ka" ta baki.

Waƙafi, ko hubusi, shi ne wanda kowa ke kwaɗayi saboda sadakatul jariya. Asalinsa gonar Sayyidina Umar ta Khaibara: ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, ba a gado, amfaninta ake rabawa. A nan ne kuma aka fi tafka kuskure. Mutum ya haƙa rijiyar burtsatse, ya kafa allo da sunan mahaifinsa, bayan shekara biyu famfo ya ƙone, tanki ya tsage, awaki na kwana a gindi. Ni dai da za a bi tawa, duk mai gina masallaci ko makaranta ya fitar da shaguna biyu ko uku a gaba, hayarsu ta riƙa biyan gyara da ɗan alawus ɗin malamai. A rubuta sunan mai kula, da wanda zai gaje shi in ya rasu, da ranar da zai riƙa kawo lissafi. Jihohi irin su Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka da waƙafi da ake iya damƙa wa amana, amma ka nemi ganin abin da ke hannunsu kafin ka sa hannu. Wanda ke tsoron rabuwa ta har abada kuwa, Malikiyya ta yarda da waƙafi na ƙayyadajjen lokaci, a ce shekara 10, sannan kadara ta dawo. Ka lura, "na yi waƙafi bayan raina" wasiyya ce, cikin sulusi za ta fita.

Saboda haka in gidan da kake ciki shi ne duk abin da ka mallaka, tsaya ga wasiyya. In kana da rarar da ba ka dogara da ita ba, yi waƙafi yanzu ka ga yadda ake tafiyar da shi da idonka. Ko wanne ka ɗauka, a rubuta a gaban adalai biyu, ka tara iyalinka ka karanta musu, kwafi ɗaya ya zauna wurin wanda ba shi da kaso a gadonka.