Sharhi kan katin POST: idan kwamfuta ta kama amma allo ya ƙi nuna komai

Duk mai kwamfutar tebur, a gida ko a shagon buga takardu, ya san wannan ciwon: ka danna maɓalli, fanka ta juya, fitilar gaba ta kama, allo kuwa baƙi ƙirin. Saboda irinsa aka yi katin POST, ɗan katin nan mai nuna lambobi da ake sokawa a jikin madabod, wato babban faifan da duk kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kansa. Wanda nake magana a kansa shi ne mai lamba huɗu na ramin PCI (farin ramin soka kati a tsofaffin madabod), irin da ake samu wajen masu kayan kwamfuta a PZ da ke Zariya, mai 'yar lasifika a jikinsa da ɗan littafin fassarar lambobi. Na gwada shi a kan tsofaffin HP da Dell tokumbo, da kuma injinan haɗi, wato waɗanda aka harhaɗa kayansu daban-daban. Ra'ayina shi ne: mai gyara zai ci moriyarsa, amma mai kwamfuta ɗaya a gida ya riƙe kuɗinsa tukuna.

Aikinsa ba wani boyayye ba ne. Da an kunna kwamfuta, BIOS, manhajar da ke cikin madabod mai tayar da inji, kan bi kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa (wannan gwajin shi ake kira POST), kuma a kowane mataki tana aika lamba. Katin yana kama lambar ya nuna. Inda lambar ta tsaya cak, nan ciwon yake. A madabod mai BIOS na kamfanin Award, tsayawa a C1 na nufin an maƙale wajen gane RAM, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta. A BIOS na kamfanin AMI na zamani, 55 na nufin ba a ga RAM ba sam, D6 kuma ba a sami abin da zai fitar da hoto ba. Idan tun daga kunnawa 00 ko FF ya fito bai motsa ba, to furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, ba ta ma fara aiki ba, sai a koma kan wuta da madabod. Wannan bambancin shi ne babban amfanin katin, domin yana raba maka inji matacce da injin da ya tashi ya yi tuntuɓe a hanya.

Aibinsa na farko babba ne. Ramin PCI ya ɓace daga yawancin sababbin madabod, kuma ko ka sayi mai bakin PCIe, ramin da ya maye gurbinsa, madabod da yawa ba sa aika lambobin ta wannan ramin. Sai ka ga kati ya kama wuta yana nuna maka 00 a kan lafiyayyen inji, ka yanke wa madabod hukuncin kisa ba laifinsa. Na biyu, fitilun 12V da 5V da 3.3V da ke jikinsa suna cewa ne kawai akwai wuta, ba sa faɗin ko ta kai. Littafin kuma rubutunsa ƙanana, fassararsa ta cakuɗe, kuma dole ka san kamfanin BIOS ɗinka kafin ka karanta shafin da ya dace.

Abin da masu saya ba su cika sani ba shi ne, injinan da suka fi yawa a Samaru da Kongo da Sabon Gari suna faɗin ciwonsu da kansu. HP Compaq irin su dc7800 da 8000 Elite kan ƙyafta jar fitila tare da ƙara: sau huɗu matsalar wuta ce, sau biyar RAM, sau shida ɓangaren hoto. Dell OptiPlex 755 da 780 suna da fitilu masu lamba 1 zuwa 4, waɗanda suka biyo bayansu kamar 7010 kuma maɓallin kunnawa ne ke ƙyaftawa da ruwan ɗorawa. A injin haɗi, 'yar lasifikar da ake sokawa a fil huɗu na madabod tana yin rabin aikin katin: a Award, ƙara doguwa ɗaya da gajeru biyu na nuna katin hoto ne.

Kafin a kai ga kwance sukurori ma, a fara daga waje. Kunna allon shi kaɗai. Idan ya rubuta "No Signal", lafiyarsa ƙalau, hoto ne bai iso ba. Idan bai rubuta komai ba, haska shi da tocila kusa-kusa. Ganin inuwar rubutu na nufin fitilar bayansa ce ta mutu. Danna Caps Lock a kibod: fitilarsa na kamawa tana mutuwa, to injin ya tashi, matsalar tana tsakanin bakin hoto da allo. Duba inda wayar take. In akwai katin hoto daban, a bakinsa za a soka, wato na ƙasa, domin na jikin madabod yakan daina aiki. Furosesar Intel mai harafin F a ƙarshe, kamar i5-9400F, da Ryzen 5 3600, ba su da hoto a cikinsu ko kaɗan, dole sai da kati. Mahaɗin HDMI zuwa VGA hanya ɗaya yake bi, ba ya aiki a juye, kuma ƙaramin mahaɗin DVI zuwa VGA ba ya ɗaukar hoto daga bakin DVI-D. Yawancin waɗannan katin POST ba zai gaya maka su ba, tunda a wajensa inji ya tashi lafiya.

RAM ce ta fi kowa laifi a garin nan, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ko'ina. Cire wayar wuta daga bango, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 don ragowar wuta ta fita, sannan ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai, saboda a busasshiyar iska jikin mutum na tara wutar da ke iya kashe RAM ba tare da ya ji ba. Buɗe maƙallan gefe, zare ta, riƙe ta a gefuna. Goge haƙoranta masu ruwan zinare da farar kilina a hankali, gaba da baya, ka kakkaɓe ɓurɓushin da busasshen buroshi. Don Allah kada a hura ramin da baki, danshi ne ake zuba masa, kuma kada a kankare da reza kamar yadda wasu ke yi. Mayar da guda ɗaya tak, danna ta har maƙallan su rufe da kansu. Ba ta yi ba, canza rami. Ba ta yi ba, canza RAM ɗin. Akwai wani gwaji mai kyau: cire su duka ka kunna. Madabod mai rai zai yi ta kuka ta lasifika, shirunsa kuwa alama ce mara daɗi. A kula da RAM ɗin saba da ake sayarwa da araha, mai alamar R kamar PC3-10600R: tana shiga ramin daidai, amma kwamfutar gida ba ta tashi da ita.

Daga nan sai batirin CMOS, ɗan batirin madabod mai riƙe saitin BIOS, wato CR2032 mai 3V. Cire shi na minti biyar ba wuta a jiki, domin saitin BIOS ya koma na asali. In maltimita, na'urar auna wuta, ta nuna ya yi ƙasa sosai da 3V, a sa sabo.

Wuta ita ce inda maltimita ta fi katin nesa ba kusa ba. Juyawar fanka ba shaidar lafiyar fawa-fak ba ce, wato akwatin da ke raba wa inji wuta. Auna inji yana kunne, baƙar sandar maltimita a baƙar waya, ɗayar sandar a wayar da kake aunawa: rawaya ta ba da 11.4V zuwa 12.6V, ja 4.75V zuwa 5.25V, ruwan lemo 3.14V zuwa 3.47V. Waɗannan launuka na fawa-fak mai fil 24 ne. Wasu HP da Dell na baya-bayan nan suna da nasu tsarin daban. Tabbatar filogin nan mai fil huɗu ko takwas na kusa da furosesa ya zauna, don mantawa da shi bayan share ƙura na ba da fanka mai juyawa da allo baƙi. Dubi kafasitocin madabod, wato 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a jikinsa, duk wadda kanta ya kumbura ko ta zubar da ƙasa-ƙasan abu ta gama aiki, kuma yawan ɗaukewar wuta da janareta mara daidaito na gaggauta hakan. Fawa-fak ɗin kansa kada a buɗe shi a gida, yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire shi daga soket.

Sai an bi duk wannan hoto bai zo ba katin ke nuna darajarsa, domin shi zai bambance maka ramin RAM da ya lalace da furosesar da ba ta tashi ba, ka san ko gyara za a yi ko sabon madabod za a nema. Mai shago da ke karɓar injinan zamanin Core 2 Duo masu farin ramin PCI ya saya, zai rage masa canje-canjen kaya a makance. Kafin ka biya, leƙa cikin akwatinka ka ga ko ramin yana nan, kuma ka sa mai sayarwa ya soka katin a lafiyayyen inji a gabanka, ka ga lambobin suna gudu.