Gargaɗi ga mutanen Zariya: masu tallan yawon teku a Legas sun dawo da sabon suna

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya wannan maganar a raina, in faɗa ko in haɗiye, don ba wanda ke son a san an yi masa wayo, balle malamin makaranta da ake ganin ya san hagu da dama. Abin da ya hana ni shiru shi ne, shekaranjiya uwargida ta miƙo mini wayarta ba ta ce komai ba. Ina dubawa sai ga tallan nan ya sake ɓullowa a wani zauren WhatsApp na matan unguwarmu a Tudun Wada. An sauya sunan kamfani, an sauya lambar waya, amma hoton farin jirgin ruwan nan mai hawa biyu yana nan yadda na san shi, har da shuɗɗan kujerun da ke samansa. Shi ne hoton da ya cinye mini naira dubu 480 bara.

A watan Mayun bara wata maƙwabciyarmu, babbar mace mai mutunci wadda matan layinmu ke zuba adashe a hannunta, ta shigo gidanmu da tallan. Tafiya ce ta kwana 6 a dogon hutu, cikin Agusta. Doguwar bas za ta ɗauki mutane daga Kwangila zuwa Legas, a sauka a otal, a shiga jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay da Ilashe, a yini a Badagry, sannan babban abin da aka ajiye a ƙarshe: jirgi ya bi gaɓar teku da dare, a wayi gari a Kwatano. Babba dubu 140, yaro rabin haka, a biya sau uku. Aka ce hawan sama na mata ne zalla, akwai wurin salla, abinci na halal, ba kiɗa ba giya. Wanda ya tsara wannan talla ya san mu sarai. Ya san abin da ke hana magidanci ɗan Zariya kai iyalinsa bakin teku ba kuɗi kaɗai ba ne, har da tsoron abin da idon yara zai gani, sai ya toshe wannan ƙofar tun kafin a buɗe baki.

Ba talla kawai ta kawo ba, da shaida ta zo. Bayan ƙaramar salla mai tallan ya kwashi mutum bakwai ya kai su Legas da gaske, ita ma tana ciki, kuma kyauta aka kai ta. Ta nuna mana bidiyo, ga ta nan sanye da rigar ceto a kan hijabi, iska na kaɗawa, tana dariya. Wa zai yi musu da wannan? Sai daga baya na lura jirgin da ke cikin bidiyonta ƙaramin kwalekwale mai inji ne irin na haya, ba shi da alaƙa da farin jirgin da ke hoton. A lokacin ido bai ga haka ba. Wannan tafiyar ta mutum bakwai ita ce jarin da ya zuba, ya sayi amincinta da ita, ita kuma ta sayo masa namu, yana ba ta la'ada a kan kowane kai.

Na dai ce sai na ga ofis. Aka kai ni wani shago a saman bene a Sabon Gari, ba nisa da PZ. Tebur ɗaya, kwamfuta, fanka, taswirar duniya a bango, da takardar rajista cikin gilashi. Wanda na tarar a ciki saurayi ne mai ladabi, yana ta "Malam, bismilla, Malam, Allah ya ƙara girma", har da ruwan sanyi. Da na zo biyan kafin alƙalami ya ba ni lambar asusu, sunan da ya fito na mutum ne, ba na kamfani ba, kuma ba sunan da ya gaya mini ba. Na tambaya, ya ce asusun kamfani yana da 'yar matsala a banki, wannan na akawunsu ne. Na ji wani abu a raina, amma kunya ta hana ni janyewa a gaban Hajiya, maƙwabciyar tamu. Na tura. Lambar rajistar da ke jikin takardar nan kuwa, da na shigar da ita a shafin binciken kamfanoni na CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a wayata, abin da ba ya ɗaukar minti biyu kuma ba a biyan ko kwabo, da na ga ta wani kamfani ce daban da ba ruwansa da tafiye-tafiye. Na duba, amma sai bayan wata uku.

Zuwa ƙarshen Yuli na gama biyan dubu 420, ni da uwargida da yara biyu. Sai saƙo ya shigo zauren WhatsApp na matafiyan cewa kowa zai ƙara dubu 15 na rigar ceto da inshora. Na ƙara dubu 60. Bayan mako guda wani saƙon ya biyo baya, wai NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, ta ce sai kowane fasinja ya biya kuɗin izinin shiga ruwa. A nan ne uwargida ta kira ƙaninta da ke zaune a Agege shekara da shekaru, don ta shaida masa muna nan tafe. Ya saurare ta, ya ce ta ba ni wayar.

"Yaya, wa ya ce muku ana hawa teku a Agusta don shaƙatawa? Lokacin ne ruwa ya fi hauka. Kuma wane jirgin fasinja ne zai kwana yana tafiya da ku? An hana tafiyar dare a ruwa. Kuna da fasfo ne da za ku shiga Kwatano?"

Na ce an gaya mana tunda ta ruwa za a shiga, ba a bukata. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, don Allah kar ka ƙara tura ko sisi."

A daren na zauna na bi maganganunsa ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata in yi tun a Mayu. Mu a nan ruwan da muka sani shi ne Kubanni da Galma da dam ɗin Shika, to a kan wannan rashin sanin namu aka gina damfarar gaba ɗayanta. Dogon hutunmu yana faɗawa ne a tsakiyar damina, kuma daga Yuni zuwa Satumba igiyar ruwa a gaɓar Legas ta fi ƙarfi. Tallan ya aro lokacin hutun Turawa ne, da yake su a watannin ne suke samun rana, ya manna a kan tekun da ba haka yake ba. NIWA, mai hedikwata a Lokoja, da LASWA, takwararta ta jihar Legas, duk sun hana jiragen fasinja zirga-zirga da dare, sun kuma wajabta sa rigar ceto. Rigar nan mai jirgi ne ke bayar da ita a bakin ruwa ka sa, in ka sauka ka mayar. Rajista da izini kuwa tsakanin mai jirgi ne da hukuma, ba a bin fasinja yana Zariya a ce ya biya. Dokokin nan ba ado ba ne, duk wanda ya tuna yaran da suka nutse a Bagwai a 2021, ko 'yan bikin da jirginsu ya kife a Patigi a 2023, ya san dalilinsu. Shi ɗan damfara sai ya mayar da wannan tsoron namu hanyar karɓar kuɗi.

Kwatano kuma babban birnin kasuwancin Jamhuriyar Benin ne, wata ƙasa ce daban. Ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, amma dole ya riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, ana kuma tambayar katin rigakafin zazzaɓin shawara, ko ta iyakar Seme ka bi ko ta ruwa. Duk wanda ya ce zai shigar da kai da iyalinka ba takarda, ko dai ƙarya yake, ko kuma abin da yake shirin yi ya fi ƙaryar muni. Hoton jirgin ma na saka shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, nan take ya fito a shafukan masu hayar jirage a Dubai. Ruwan da ke bayansa shuɗi garau kamar an zuba bula. Ƙanin uwargida ya yi dariya ya ce shi dai bai taɓa ganin ruwan Legas da wannan kalar ba.

Abin haushin shi ne wuraren da ya lissafa duk na gaskiya ne, shi ya sa ƙaryar ta zauna daram. Tarkwa Bay tana nan, ba a kuma zuwa sai ta ruwa, tafiyar mintuna kaɗan daga Marina ko Victoria Island. Ilashe ma sai ta ruwa. Badagry na da gidan bene na 1845 da ake cewa shi ne na farko a Nijeriya, da gidajen tarihin cinikin bayi, da tsibirin Gberefu inda ake tsallakawa da kwalekwale a taka har bakin tekun da aka riƙa loda bayi. Amma duk waɗannan, mutum yana zuwa ne tashar jirgi da ƙafarsa, irin ta Falomo a Ikoyi, ya ga jirgin da idonsa, ya ga rigar ceto, ya biya, ya hau. Ba wanda ke bukatar kuɗinka wata uku kafin ka ga ruwa.

Washegari na je Sabon Gari na ce a ba ni kuɗina. Bai ɗaga murya ba, ya ce an riga an biya otal da mai jirgi, amma zai yi magana da oga. Kwana uku kafin tafiya aka ɗage ta da mako biyu, wai ruwa ya yi ƙarfi, wanda kuma ita ce kaɗai gaskiyar da ya taɓa faɗa mana. Aka sake ɗagewa. Da surutu ya yi yawa aka kulle zauren, adimin kaɗai ke iya magana. Ranar wata Litinin muka tashi muka ga an cire kowa, layinsa a kashe. Muka tarar da shago da kwaɗo, mai ginin ya ce hayar wata huɗu aka biya kuma ta ƙare. Da muka haɗu muka ƙirga kanmu, waɗanda suka yarda suka fito fili mun haura hamsin, daga Samaru, Hanwa, Gyallesu, Wusasa, har da wasu ɗalibai na Kongo da suka haɗa kuɗi don murnar gama karatu. Akwai amaryar da mijinta ya biya a matsayin tafiyar bayan biki. Na tabbata waɗanda suka yi shiru sun fi mu yawa.

Mun kai ƙara caji ofis, mun kuma kai takardar koke ofishin EFCC na Kaduna. Banki ya ce da an sanar da shi a ranar da aka tura kuɗin da an fi samun abin yi, yanzu an riga an rarraba su zuwa wasu asusun an cire. Maganar tana nan, har yau ko naira ban gani ba. Sai kuma ga wata sabuwa: bayan mako biyu wani ya kira ni da cikakken sunana da adadin da na biya, ya ce jami'i ne, an kama mutumin, in tura dubu 25 na buɗe fayil a sako mini kuɗina. Wannan karon na kashe wayata. EFCC ba ta karɓar kuɗi kafin ta karɓi koke. Sunayenmu da lambobinmu suna hannun mutanen nan tun ranar da muka cike fom, su ne suka dawo kalar abin da ya rage. Mutum uku a cikinmu sun tura.

Hajiya kuwa ban riƙe ta ba, ko da yake wasu sun kai ta har gaban mai unguwa. Ta sayar da 'yan kunnenta na zinare ta rage wa wasu asara, ta daina karɓar adashe, ta fi wata biyu ba ta fita ko suna. Da ta zo ba mu haƙuri ta durƙusa a tsakar gida tana cewa "Malam, wallahi ni ma na biya wa jikokina biyu", sai da uwargida ta ɗaga ta. Ina faɗin wannan ne don matar da aka ba kujerar kyauta a wannan karon, ko wace ce, ta san kujerar da ta hau.

Sabon tallan ya ce Disamba ne, Kalaba, lokacin bikin kalankuwar da ake yi can duk shekara, da yawo a ruwa, kujeru 40 kacal suka rage, a biya rabi kafin Juma'a. Na kira lambar da wayar wani abokina. Murya dai ba tasa ba ce, amma da na tambayi sunan jirgin da tashar da yake tsayawa, sai aka ce za a turo mini, har yanzu ina jira. Da na nemi asusun kamfani aka ce yana da 'yar matsala a banki.

In ka riga ka tura, je bankinka yau, kar ka jira Litinin, ka rubuta koke ka karɓi shaidar sun karɓa. Ɗauki hoton duk hirar da ke zauren kafin a cire ka, da rasit, da sunan da ya fito a asusun, ka buga su a takarda. Mu na bara muna da fayil a buɗe, kuma jami'in da ke riƙe da shi ya ce sabon sunan asusu da sabuwar lambar waya su ne abin da ya fi bukata.