Irin masara mai zaƙi na fakiti: yana da kyau, amma ba ya jure noman ganin dama

Irin da ake magana a kai shi ne na masara mai zaƙi da shagunan kayan gona ke sayarwa cikin ƙaramin fakiti, wanda aka rubuta F1 a jikinsa (wato irin da aka samu daga haɗa nau'i biyu na masara), wani lokaci har da kalmar supersweet, wato mai zaƙi sosai. Wanda ya buɗe fakitin karo na farko yakan ɗauka an cuce shi, don ƙwayar a motse take, ba nauyi, kuma an rina ta da jan magani. Ba lalacewa ba ce. Sukarin wannan masara ba ya komawa gari sosai, shi ya sa take motsewa idan ta bushe. Jan maganin na kare ta ne daga ruɓewa a ƙasa, amma guba ne, don haka a ajiye fakitin nesa da yara da kaji.

Rauninta na farko yana wajen tsiro. Ƙwayar ba ta da abincin da za ta huda ƙasa mai nisa, saboda haka a shuka ta a zurfin santimita 2 zuwa 3 cikin ƙasa mai danshi. Idan aka binne ta kamar masarar gona, ko ruwa ya kwanta a kanta, ko aka shuka da tsananin sanyin hunturu, sai a ga gibi a kunya. Irin ba ya son tsufa kuma. A duba ranar da ke bayan fakitin, a guji wanda ya daɗe a rataye rana na dukansa a bakin shago.

Fili mai mita 3 tsawo da mita 3 faɗi ya isa. A ja layi 4, santimita 75 tsakaninsu, santimita 25 tsakanin rami da rami, tsiro ɗaya a kowane rami. Wannan ya ba da tushe 48. Kada a jera ta layi ɗaya a jikin katanga, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa. Iska ce ke kaɗo garin furen saman masara ya faɗa kan gemunta, kuma kowane silin gemu ƙwaya ɗaya yake haifarwa. Layi ɗaya iska na wucewa da garin, sai a ɓare goyo a tarar da totuwa rabi babu ƙwaya.

Babban abin da ya kamata mai shago ya gaya wa mai saye, kuma ba kasafai ake faɗa ba, shi ne wannan masara ba ta shiri da masarar gida. Idan furensu ya fito lokaci guda kuma suna kusa, garin waccan zai sauka kan gemun wannan, ƙwayar ta fito da tauri, zaƙin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi a wannan shukar. Da damina, a unguwar da kowa ke da masara a bayan gida, wannan matsala ce ta gaske. Maganinta a bambanta ranar shuka da ta maƙwabta da mako biyu zuwa uku, ko a yi ta da ban-ruwa bayan an cire masarar gona. A lissafa kuma kada fitar furen ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, don zafin da ya haura digiri 35 yana kashe garin furen.

Taki: NPK 15-15-15 cikin murfin kwalbar lemo ga kowane tushe bayan kwana 10 zuwa 14, a binne shi ɗan nesa da kara, sannan yuriya a mako na 4 ko na 5. Kada ta yi ƙishi daga fitar gemu har zuwa cika ƙwaya.

Tsutsar nan mai cin masara da ta bayyana a Najeriya a 2016 tana sonta ƙwarai. A leƙa cikin kan tsiron da sassafe. Idan an ga ganye a huje da kashi kamar garin katako, tana ciki. A fili ƙarami irin wannan, tsincewa da hannu na yin aiki sosai, kuma ya fi dacewa da abin da za a ci ɗanye-ɗanye.

Tana nuna cikin kwana 70 zuwa 80, wato kusan mako uku bayan fitar gemu. Idan gemun ya bushe ya yi duhu, a buɗe bakin goyon a matsa ƙwaya da farce. Ruwa garai, da saura. Ruwa fari kamar madara, lokaci ya yi. A karya da safe, a dafa ranar, minti 5 a tafasasshen ruwa ya wadatar.

Goyo ɗaya mai kyau ake sa rai daga kowane tushe. Ba ta tuwo ba ce, kuma ba a ajiye irinta don shekara mai zuwa, tunda 'ya'yan F1 ba sa fitowa daidai da uwarsu. Ga mai ruwa a gida da zai iya raba ta da masarar maƙwabta, fakitin ya ci kuɗinsa. Wanda ba zai iya ba, gara ya shuka masarar gida mai saurin nuna ya gasa abinsa.